Labaran da Filin da Ba a Nomawa

Ranar Talata, ashirin da biyar ga watan Sha'aban, wadda ta yi daidai da 20 ga Mayu 1952, ina cikin aji ina koyarwa a makarantar Safana aka aiko mini daga Wagini cewa Allah Ya yi wa taubashina, Malam Labaran, rasuwa bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na iso an riga an kai ka makwanci, Labaran. Ko a nan ma sai da ka riga ni, kamar yadda ka saba.

Wanda bai san ka ba, bari in gaya masa. A lokacin yaƙin duniya na biyu Turawa suka share fili a bayan Wagini, domin jirgin sama da ya sami matsala a hanyar Kano ya sami inda zai sauka. Kai aka ɗauka ka kula da shi. Kakan zagaya filin da safe, ka rushe surin gara, ka cike ramin gafiya. Kakan dubi gabas ka aika wa Katsina labarin hadari. In ka ji ƙugin jirgi sai ka tada hayaƙi da ɗanyen ganye, matuƙi ya ga inda iska ta nufa. Ni na laƙaba maka Sarkin Sama, don tsokana, sunan kuma ya bi ka har jikoki.

Bayan yaƙi gwamnati ta ba wani kamfani a Kano kwangilar aikin gaba ɗaya. Su za su riƙa gaya wa matuƙa halin sama ta wayar iska, su kuma za su kula da filaye. Aka sallame ka. Ni na fi ka jin haushi, har na yi ta ɓaɓatu a ƙofar gidanka. Ka ce, "Armaya'u, bar faɗa. Wallahi sun fi ni sanin hadari, na'ura gare su. Abin da ke damuna, wa zai taka musu ƙasar?"

Gaskiyarka ce ta kowane ɓangare. Labarin sama ya gyaru, ba mai musu. Amma mutanen kamfanin sukan leƙo ne da rani, su ga fili fetal, su koma. A Kano kuwa ana ta gaya wa matuƙa cewa filin Wagini a buɗe yake.

Mu kuma al'adarmu ce, ƙasar da ta zauna ba mai taɓa ta, dagaci yakan ba mabuƙaci aro. Wani manomin garinmu, Ya'u, mai iyali ne, gonarsa ta gaji, ya roƙa aka ba shi gefen filin. Bai yi laifin komai ba. Ya sa garma ya yi huɗa, ya zuba gyaɗa. Da ta rufe, kai kaɗai ka san cewa daga sama matuƙi shimfiɗar kore zai gani, ba zai ga kunyoyin da za su kifar da jirginsa ba.

Ka je wa dagaci, ya ce ba ya ƙwace abin da ya bayar. Ka kai magana Katsina, aka ce aikin ya bar hannun En'e, a nemi kamfani. Kamfani kuwa ba wanda ya san ƙofarsa. Ba ka da hula, ba ka da sanda, ba ka da ikon hana kowa. Sai ka tafi gidan Ya'u, ka ba shi gonarka ta bakin fadama, wadda ka gada, ya bar filin. Ku biyu kuka baje kunyoyin nan da hannunku, yana yi yana sharar ƙwalla saboda gyaɗarsa. Kai kuma ka koma noman jigawar da ko akuya ba ta sha'awa.

Na ce maka wauta ce, kuma ban ɓoye ba. Daminu suka wuce ba jirgin da ya sauka, rumbunka bai ƙara cika ba, matarka Tasalla tana surfa hatsin rance ba ta taɓa kai ƙararka wurin kowa ba. Sai wata la'asar a tsakiyar marka, hadari ya toshe hanyar Kano, aka umarci wani ƙaramin jirgi ya sauka Wagini. Muna kallo ya dira, ya gangara ta daidai inda gyaɗar Ya'u take a da, ya tsaya lafiya. Mutum uku suka fito. Matuƙin ya sha ruwa a gidanka, ya yaba wa kamfani da gyaran fili, da gari ya waye ya tashi. Na so in buɗe baki ka taka mini ƙafa.

Da ka rasu, abin da ke raina ke nan a wurin zaman makoki: damina ta kawo kai, fili ya huta ya yi ƙarfi, idon kowa na kansa, kai kuma ba ka nan. Ruwan shuka ya sauka kafin sadakar bakwai. Da safe na ga Ya'u da 'ya'yansa sun saɓa sungumi sun nufi filin, na zaci shi za su shuka. Sai suka ratsa ta gefensa, suka wuce fadama. Da suka gama shuka ya zo ƙofar gida ya yi sallama da Tasalla, ya ce, "Inna, an shuka gonar Malam, taku ce. Filin kuma, muddin ina numfashi, ba mai sa mishi garma."

A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar da labari ya same ni.

Allah Ya jiƙan ka, Labaran, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce masaukinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Tasalla, da 'ya'yanka Mati da Hussaina, da jikoki, da jama'ar Wagini da Batsari baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. In tamu ta zo, Ya sa mu sauka lafiya.