Shagon da ya fito daga igiya

Shekara talatin maigidana yana sa wa gidaje kuɗi tun ba a haƙa ramin tushe ba. Mai neman rance zai kai zanen gidansa banki, banki su turo wa Baban yara, shi kuma ya faɗi abin da gidan zai kai in an gama shi. Abokan aikinsa a kan tebur suke gama nasu. Shi kuwa sai ya kwashi igiya da turaku ya tafi filin, ya fitar da kowane ɗaki a ƙasa, sannan ya bi ta inda ƙofa za ta kasance. Ko da wasa ba ya tsallake igiya, wai bango ne. Na sha gaya masa ranar da 'yan unguwa suka ɗaure shi a kan ya taɓu, kada ya aiko a kira ni.

Ana nan sai zanen telata ya faɗo hannunsa. Baiwar Allah, mijinta direba ne, hatsari ya zaunar da shi a keken guragu. Ƙofofin gidan hayarsu matsattsu ne, ko bayi zai shiga sai ta ciccibe shi. Shi ya sa ta ce a zana mata gida mai faffaɗan ƙofofi, babu matakala ko ɗaya, bayi kuma kamar ɗaki. Faɗin nan ya cinye ɗakin kwana guda, sai kuɗin gidan ya kasa kai abin da banki ke so.

Na ce, "Baban yara, ɗan ƙara mata mana. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni."

Kwana biyu ina dire masa abinci ba magana. Wallahi na ji haushinsa, har na ce a raina bironsa ya fi masa mutum.

Ran Asabar ya ce in raka shi filin. Telar tana can tana jira, idonta a kumbure. Ya kafa turakunsa, ya shiga bin ɗakunan, mu biyu muna biye da shi kamar agwagi. Sai ya tsaya a wani ɗan ɗaki da ke gefen titi.

"Nan me za ki sa?"

"Keken ɗinkina, Malam."

"Masu kawo ɗinki ta ina za su shigo?"

"Ta falo."

Ya daɗe yana kallon masu wucewa. Can ya tumɓuke turke biyu ya kafa su ta bakin titi. Ya ce, "Koma wurin mai zane ya buɗe miki ƙofa a nan. In ya buɗe, ya zama shago, shago kuma a titin nan yana da darajarsa. Da shi kuɗin zai kai, ban yi wa kowa ƙarya ba."

Ta ce, "Ƙofofin fa, za a rage?"

"Ko ɗan yatsa."

Ta roƙe shi ya bar igiyar tukuna, ta je ta ɗauko mijin a motar haya. Ƙasar filin mai tauri ce. Mijin ya murza tayoyin kekensa da hannunsa, ya bi tsakanin turaku daga falo zuwa bayi, ya juya a ciki, ya fito, ya sake komawa. Ni dai na juya baya ina gyara mayafi don kada Baban yara ya ga hawayena. Matar ta kai hannu za ta tura mijin kamar kullum.

Ya ce, "Bari, Maman biyu. Nan zan iya da kaina."