Rawayar Inna da Kwalaben Wanke Hanta

Jini na je bayarwa. Matar ƙanena ce ta haihu ta zubar da jini sosai, aka ce a nemo mai ba ta. Ina cikin lambun albasata a fadamar Danchadi aka kira ni, na wanke ƙafafu na hau babur sai asibiti a Bodinga. Aka ɗibi kaɗan don gwaji. Da aka jima mai gwajin ya ja ni gefe, ya ce ba za su karɓi jinina ba, akwai ƙwayar ciwon hanta a ciki.

Na ce, "Malam, ni fa lafiyata ƙalau. Yanzu na baro ban-ruwa."

Ya ce ai haka take, tana daɗewa a jikin mutum bai sani ba. Ya ce in tafi Sakkwato in ga likita. Wani maƙwabcinmu ne ya ba da jinin, mai jego ta tashi. Ni kuwa daga ranar zama ya gagare ni.

Ban tafi Sakkwato ba, tsoron abin da za a faɗa mini nake ji. Sai dai in ina tafiya in faka a bakin hanya, in ja fatar idona in leƙa madubin babur, ko ya fara yin ɗorawa. In ina lambu sai in ji gida nake so, in na iso gida sai in sake fita. Ko a salla sai in sami hannuna yana danna ƙasan haƙarƙarina na dama. Na ware kofina da kwanona, na daina cin abinci da yara. Ƙaramar ɗiyata in ta rugo za ta hau jikina sai in ce ta je wurin uwarta, ta koma tana waiwayena.

Na je ƙauyenmu Horo Birni, a ƙasar Shagari, na gaya wa Inna. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika kallon fuskata ba. Ranar ta dube ni sosai.

Ta ce, "Wagga cuta ai shawara ta, mun san ta tun ba a haihe ka ba. Zamna nan."

Da kanta ta shiga daji ta haƙo saiwar rawaya, ta daka, ta dafa a tukunyar ƙasa. Ruwan ya fito jawur da ɗaci. Ta cika mini jarka ta ce in sha safe da marece, in ta ƙare in dawo. Na shiga zirga-zirga tsakanin Bodinga da Shagari, jarka ɗaure a bayan babur.

A kasuwar Shagari kuma na gamu da wani da muka yi firamare tare, yanzu yana yawo da jaka yana sayar da kafso. Ya ciro kwalba koriya mai hoton hanta a jiki, ya nuna mini bidiyo a wayarsa, ya ce wannan daga waje aka kawo shi, ganye ne zalla, wanke hanta yake yi tas. Na karɓa. Ya ce sai an haɗa da wani shayi, na karɓi shayin ma. Wani ya ce sabara, wani ya ce garin ɓawon wani icce da ko sunansa ban riƙe ba. Duk wanda ya faɗa sai na nemo. Tagar ɗakina ta cika da kwalabe da ƙulle-ƙulle.

Maimakon in ji sauƙi, sai tashin zuciya. Tuwo ya fita raina, fitsarina ya yi duhu, ƙarfin ɗaukar buhu ya tafi. Harshena ya rine, na kasa gane ko rawaya ce ko cutar ce ta fito fili.

Wata safiya matata ta kwashe komai na tagar ta zuba a leda, ta saka hijabinta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maigida, yau Sakkwato za mu. In ba ka tashi ba, ni zan tafi da ledar nan in tambaya da kaina."

Likitar da muka gani mace ce, ba ta da yawan magana. Ta jera kwalaben a kan tebur tana juya su ɗaya bayan ɗaya.

"Duk waɗannan kake sha?"

Na ce e, har da rawaya.

Aka yi gwaje-gwaje. Da muka koma ta ce hantata ta wahala, amma ba za ta iya cewa ƙwayar ce ko haɗe-haɗen ba sai na daina komai an sake dubawa. Ta ce duk abin da mutum ya haɗiye hanta ce ke fama da shi, kuma wasu kwalaben ba wanda ya san abin da ke ciki. Ta ce in koma cin abinci da yarana, ba a ɗauka ta kwano ko kofi. Za a gwada matata da yara a yi musu riga-kafi. Sannan ta ƙara da abin da ya hana ni sukuni duk hanyar komawa: da yawa tun suna jarirai suke samu, wani lokaci a wurin haihuwa, don haka a kawo mahaifiyata da ƙannena.

Sau da yawa na kama hanyar Horo Birni ina juyowa. Ranar da na isa, na tarar ta cika jarka tana jirana. Na zauna a bakin tabarma na ce likita ta hana ni shan komai. Ta ture jarkar da ƙafa zuwa gindin rumbu. Na gaya mata sauran ina kallon ƙasa.

Ta ce, "To, ni na ba ka ke nan?"

"Inna, ba wanda ya sani. Likita ta ce ba laifin kowa ba ne."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Sai ta ɗaga murya ta kira ƙanena da ke gyaran darni, ta ce ya sanar da sauran, kowa ya shirya, ita ma za ta.

Ba a taɓa ɗibar jininta ba sai ranar da muka je asibiti. Ta miƙa hannu ta kau da kai tana salati. Aka samu tana da ƙwayar, ita da autarmu. Matata da yara ba su da komai, aka yi musu allura.

Bayan 'yan watanni aka sake gwada ni, likita ta ce hantar ta huce, ba na buƙatar magani yanzu, sai dai in riƙa zuwa ana dubawa. Ƙwayar tana nan. Duk lokacin da ranar asibiti ta matso, abinci ba ya shiga, kuma tun asuba nake fita in ɗauko Inna da auta. Inna ta fi ni kwanciyar hankali. A layi ma takan sami wata tsohuwa su yi ta hirar damina, ni ina tsaye ina kai da kawo har a kira mu.