Fassarar da Na Yi wa Bango

Karatuna na boko aji uku ne, na ukun ma ban ƙarasa shi ba. Ranar da malaminmu ya ce gobe kowa ya zo da haddar lissafi a ka, sai na ga ai shanun kawuna sun fi makaranta buƙatata. Turancin da na fito da shi bai wuce na gaida ɗan sanda ba. Amma da wannan ɗan guntun na yi shekara huɗu ina aikin tafinta a gidanmu na Roni, kuma ba wanda ya taɓa kama ni da ƙarya. Ko dai in ce ba wanda ya nuna ya kama ni.

Sana'ata faci, har gobe ita ce. Rumfata tana bakin titi, da injin iska da bahon ruwan da nake tsoma tif in ga inda yake huci. Talabijin ta farko da ta shigo layinmu tawa ce, baƙi da fari, na same ta a hannun wani malamin gona da aka yi wa canjin wurin aiki. Da batirin mota take aiki, eriyarta kuwa a kan doguwar gora muka ɗaure. Duk ranar Asabar bayan la'asar sai a sa wani wasan katun na yara, da Turanci zalla.

Sai na faɗi yadda gidanmu yake kafin a gane sauran. Mu irin Fulanin nan ne da suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya. Fillancin ya gudu ya bar mu, kunyar kuwa ta yi zamanta. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya duban idonsa ya yi masa magana. Ni kuma 'yar farina mace ce. Ni na zaɓi sunanta, na raɗa wa liman a kunne ranar suna, daga nan bai sake fitowa daga bakina ba. Da aka yaye ta sai Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke kwana, amma in ina son ta kawo mini ruwa sai in dubi sama in ce, "Wai gidan nan ba mai ba mutum ruwa ne?"

Sau ɗaya na yi kuskure. Tana da shekara uku ta faɗi a bakin rijiya ta fasa leɓe, ban san lokacin da na sure ta ba. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Lallai. A gabana? Ashe na haifi mara kunya ban sani ba." Na dire yarinyar a ƙasa tana kuka, na fita waje kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

To, a wasan katun ɗin nan wata yarinya ce mai fitila a hannu take neman garinsu da guguwa ta ɗauke. Tana ratsa dazukan da bishiyoyinsu ke tafiya da ƙafa, da koguna masu gudu zuwa sama. A bayanta kuma akwai wani ƙaton dodo mai gashi buzu-buzu, ƙahonsa ɗaya a karye. Kullum yana bin ta, amma bai taɓa jerawa da ita ba, sai ya bar tazara kamar taku goma. In ta kwanta barci ya zauna can nesa ya juya mata baya.

Ranar farko Inna ta ce waɗannan aljanu ne, a kashe. Asabar ta uku ita ce ta tare ni a zaure tana tambaya ko na yi cajin batir. Akwai wani tsoho maƙwabcinmu da ya shigo don ya yi mana faɗa a kan ɓata lokaci, a tsaye ya fara faɗan, a zaune ya ƙare, daga baya har da buzunsa yake zuwa.

'Yar tawa tana da shekara shida lokacin. Tana zaune a jikin Inna, ni ina can gefe kusa da batir, wai ina kula da waya kada ta zame. Dodon ya yi wani gurnani ya faɗi magana, sai ta ce, "Inna, me ya ce?"

Inna ta ce, "Ina na sani? Ga wanda ya yi boko can."

Ita ba za ta tambaye ni ba, ni ba zan amsa mata ba. Sai na juya na fuskanci bango, na gyara murya, na ce, "Cewa ya yi, a bi ta hagu, dama akwai ƙaya."

Allah da ikonsa, sai yarinyar cikin talabijin ta bi ta hagu. Tsohon nan ya ce, "Kai, ashe yaron nan ya ji Turanci haka?" Daga ranar na zama tafinta. Duk Asabar ina fassara wa bango, bango kuma bai taɓa musa mini ba.

Wata rana ta tambayi Inna me ya sa dodon ba ya zuwa kusa. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina, sai na ji bakina yana gaya wa bango cewa ai dodon ubanta ne. Wani boka ne ya mayar da shi haka, kuma ya gindaya masa sharaɗi: duk ranar da ya kira sunanta zai zama dutse. Inna ta dube ni ta daɗe, sannan ta ɓantari goronta.

Daga nan dodo ya samu baki. In an kawo mini ƙararta, ranar Asabar dodo zai ce shi ba ya son yarinyar da ke hawa katangar mutane tana tsinkar mangwaro. Da aka ba su sakamakon jarrabawa, dodo ya ce ya ji labarin wata ta zo ta ɗaya a aji, daɗi ya hana shi cin tuwo. Inna ta ce, "Wannan dodo dai ya san sirrin gidan nan da yawa." Yarinyar ta ɓoye fuska a zanin Inna tana dariya. Ni dai ina kallon bango, amma kunnena yana wajenta.

Ba mu ga ƙarshen wasan ba. Wata Asabar muka shimfiɗa tabarma muka jira, sai aka sa mana wasu mutane suna bayanin takin zamani. Shi ke nan, ba a sake sa shi ba. Dodo ya yi shiru, ni ma na koma tambayar sama ko akwai mai ba mutum ruwa.

Ta yi karatu mai zurfi. Don Allah ya nuna mini iyakata, sai ta zama malamar Turanci a wata sakandare a Kazaure, can kuma ta yi aure. Na yi shekaru ina jiran ranar da za ta tona mini asiri a gaban ƙannenta. Ba ta taɓa ba. In ta zo gida ta durƙusa daga nesa ta ce, "Baffa, ina wuni," ni kuma in amsa wa ƙofar zaure.

Bara ƙafafunta suka fara kumbura. Aka ce ƙoda ce. Sau biyu a mako mijinta yake kai ta Kano wankin ƙoda, ta dawo kamar an matse tsumma. Na ja mijin gefe na ce ya gaya wa likitoci su ciri tawa, ai biyu gare ni, kuma ba wani aikin kirki suke yi mini ba. Ya kai ni. Likitan ya auna jinina, ya sake aunawa, ya ce, "Baba, taka ma lallaɓawa take yi." Na gane maganarsa. Ni da na san tayar da ta sha faci har ba wurin liƙa wani, ba sai an yi mini dogon bayani ba. A ƙarshe ta ƙaninta ce ta dace, aka sa ranar dashe. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce jiki yakan karɓa, yakan kuma ƙi.

Inna ta daɗe da rasuwa. Tsohon nan mai buzu ma ya tafi. Duk wanda zai ce mini mara kunya yana ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka ana gobe za su tafi Kano dashen na hau ɗan acaɓa daga Roni zuwa Kazaure da niyya ɗaya: yau zan dubi idonta in kira sunanta, in ce mata kada ta ji tsoro. A kan hanya na yi ta bitar sunan a zuci har muka shiga tsakanin duwatsun gari.

Na same ta kwance a kan katifa a falo. 'Yarta, jikata mai shekara tara, tana zaune a gefe da wayar uwar a hannu. Tana ganina ta ce, "Ga tsohon mijina ya zo, kuma hannu rabbana kamar kullum."

Na ce, "Ke tafi can, ai na sake ki tun ranar da haƙoranki suka zube."

"Naka fa? Guda nawa suka rage?"

Uwar ta ce, "Baffa, sannu da zuwa." Na amsa wa labule. Na zauna, na buɗe baki, sai wani kiɗa ya fito daga wayar nan. Shi ne. Ko a cikin barci aka kaɗa mini shi zan gane. Na leƙa, ga yarinya da fitilarta, ga dodo a baya da karyayyen ƙaho. Ashe shuɗi ne. Shekara talatin da wani abu ina ɗaukarsa baƙi.

Jikata ta ce duk 'yan ajinsu suna kallo, kuma mamanta ce ta sauke mata shi gaba ɗaya a waya, in ciwo ya hana ta sakat tare suke kallo. Ni kuma da bakina da ba ya gajiya da jawo mini, na ce, "Ai na riga ki saninsa. Wannan dodon ubanta ne."

Yarinyar nan ta yi dariya har da faɗuwa. "Wane uba? Mai gadin ƙofar garinsu ne! Barci ya yi guguwa ta ɗauke garin, shi ya sa yake jin nauyin matsowa. Kuma shi ba abin da yake cewa sai yunwa yake ji. Wa ya gaya maka ubanta ne?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Sai uwar, idonta a kan silin, ta ce, "Ke, rufe mana baki. Turancinki bai kai nan ba tukuna. Miƙa wa Baffa wayar."

Na karɓa. Ban san lokacin da na juya na fuskanci bango ba. Dodo ya yi gurnani ya dafa cikinsa, yanzu da aka faɗa mini ni ma na ga yunwa yake ji. Na ce, "Cewa ya yi, hanyar da nisa, amma wasu sun bi ta sun dawo." Ya sake magana. Na ce, "Ya ce a riƙe fitilar da kyau. Shi yana nan a baya, ba inda za shi."

Jikata ta buɗe baki za ta yi gardama, uwar ta ɗaga mata hannu. Sannan ita ma ta juya kanta wajen bangon ta ce, "A tambayar mini shi, har yanzu in ya kira sunan zai zama dutse?"

Ga ƙofa an buɗe mini har bango. Sunan ya taso daga cikina, na ji shi a maƙogwaro, na ji harafin farko a kan harshena. Wallahi na yi ƙoƙari. Sai na ji kamar Inna tana leƙowa daga ɗaki. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ya ce a riƙa shan magani a kan lokaci."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, jikata ta ruga ta kawo ruwa. Da ta lafa ta ce, "To. A gaya masa an ji."

A gidan na kwana. Da safe mijinta ya fito da mota, aka kwantar da ita a kujerar baya, ƙaninta ya shiga gaba. Kowa yana matsowa taga yana yi mata addu'a. Ni kuwa na tsuguna ina danna tayoyi da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsu ƙalau, amma na ce ta bayan nan ta hagu ta yi sanyi, ita ce a ƙarƙashin inda kanta yake. Na sa aka nemo famfon hannu a maƙwabta, na sace iskar kaɗan na sake bugawa. Mijin yana ta duba agogo. Da na rasa abin da zan ƙara yi, ta ce ta taga, "Baffa, sai mun dawo."

Na ce wa tayar, "Allah ya kiyaye hanya."

Yau mako uku ke nan suna Kano. An yi aikin, ƙanin ya tashi har yana yawo, ita kuwa sun ce jikin bai gama yanke shawara ba. Jikata tana wurinmu a Roni da wayar, kullum bayan la'asar muna kallo, ni da ita da kakarta, wato matata, da ta ce ita ba ta son shirme amma ba ta tashi. Saura kashi ɗaya mu ƙare, na ce ba za a kunna shi ba sai mai wayar ta dawo. Yarinyar ta ce ita ta san ƙarshen, bari ta faɗa mini. Na ce in ta faɗa sai na ƙara mata saki biyu.

Da safe in na je rumfa nakan tayar da injin iska ko ba tayar da zan buga. In ya ɗauki ƙara sosai, har mai shayin da ke kusa ya fara tsaki, sai in sunkuya kamar ina duba bel, in kira sunan. Ban zama dutse ba. Amma daga Roni zuwa Kano da nisa, injin kuma ƙararsa ta fi muryata.