Raƙumar da Kawu Attahir Ya Hango a Tele

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawu Attahir, tsohon malamin dabbobi na Tanut, bayan jinyar kwana huɗu. Na zauna rubutun nan da niyyar kuka, Kawu, amma ɗoki ya hana ni. Ina ɗauke da albishir, wanda zan yi wa shi kuwa yana kwance a makwancinsa.

Duk unguwa ta san abu biyu da ba a raba ka da su: telen zaurenka da kayen nan, littafin rubutu mai baƙin bango, inda kake rubuta asalin danginmu. Da la'asar zauren kan cika, domin ba ka taɓa hana kowa tabarma ba. Sai dai kallo da kai sai mai haƙuri. Ɗan wasa yana sharɓar kuka, kai kana nuna akuyar da ke bayansa kana cewa tana da ciwon kofato. Inna Halimatu, matarka, takan ce an raba ka da aiki amma ba a raba ka da dabbobi ba.

A kayen akwai shafi ɗaya da ka bari fari, sunan yayanka Rissa kawai a samansa. A lokacin babban farin 1973 mahaifinku ya danƙa masa raƙuman gida ya tura shi neman kiwo, kana ɗan shekara goma. Bai dawo ba, babu labarin rai, babu na mutuwa. Ka sha gaya mini cewa ba ka tsoron kabari, tsoronka ka tarar da mahaifinku ya tambaye ka Rissa ka rasa amsa.

Ba zan manta da wata Asabar ta Fabrairu ba. An sa wani tsohon fim na soyayya, wanda ka gani ya fi sau goma. Saurayi da budurwa na zance a bakin rijiya, sai wata raƙuma ta gifta ta bayansu. Ka yi zumbur ka miƙe, har ka kifar da shayi.

"Nafisatu, kin ga wuyanta? Sawun kaza da ɗigo biyu! Shaidar gidanmu ce!"

Na ce, "Kawu, fim ɗin nan ya girme ni."

"To ai shi ya sa! An ɗauke shi bayan fari. Wa ya rage da ƙarfen shaidarmu in ba Rissa ba?"

Na nemo fim ɗin a waya, muka tsayar da hoton, ka manna ido kamar mai zare ƙaya. Har sunayen ƙarshen fim, waɗanda babu mai karantawa, sai da muka bi ɗaya bayan ɗaya, muka ga an gode wa makiyayan wata rijiya arewa da Belbeji. Ranar ka yi rawa a zaure da rawaninka a hannu. Washegari ka zana shaidar a takardu, ka raba wa direbobi da dillalan dabbobi masu cin kasuwar can. Mu kam dariya muka yi ta yi maka. Allah Ya yafe mana.

Kawu, ga albishir ɗin. Ranar sadakar bakwai ɗinka wani dattijo mai baƙin rawani ya yi sallama, ɗansa Ila na riƙe da hannunsa. Dattijon ya fito da takardarka daga aljihu, ta yi laushi don ninki. Da ya sauke amawali, mahaifiyata ta kurma ihu, domin fuskarka ce sak, tsufa kawai ya ƙaru. Rissa ne, da ransa! Ya ce raƙuman sun ƙare a hannunsa, saura guda, kunya ta hana shi dawowa ya dubi idon mahaifinsa. Da ya tara wasu ya koma tsohon mazauni, sai ya tarar an watse. Takardarka ta same shi da azumi, ya yi ta juya ta, kunyar ba ta sake shi ba sai makon jiya. Zaman makoki ya rikice, ana kuka ana guɗa, har liman ya rasa wanda zai tsawata wa.

Na ɗauko kayenka na buɗe farin shafin. Kawu Rissa yana faɗa ina rubutawa: 'ya'ya tara, jikoki ashirin da uku. Na uku cikin 'ya'yan sunansa Attahir. Shafin bai isa ba, sai da na juya baya.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yalwata kabarinka, Ya sada ka da rahamarSa kamar yadda ka sada zumuncinmu. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Halimatu da 'ya'yanka, da mahaifiyata, da abokan kallonka na zaure, da kuma Kawu Rissa da iyalinsa na Belbeji, waɗanda yau ne karon farko da sunansu ya shiga ta'aziyyar gidanmu. Idan mahaifinku ya tambaye ka, ka ce masa an gan shi, ya dawo gida.