Shekarar Da Kifi Ya Taso A Kogin Wudil

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Kusan shekara hamsin ke nan ina riƙe da maganar nan a ciki. Ko 'ya'yan da na haifa daga baya, gutsure-gutsure suka sani. Yau na ce bari in faɗa tun da sauran numfashina.

Sunana Asabe. A lokacin ina auren Malam Hadi, masunci, gidanmu ba nisa da gadar Wudil. Shi ya kamo, ni in yi banda a gida. 'Yarmu ɗaya, Hauwa'u, ba a daɗe da yaye ta ba.

Zamanin da kuɗin man fetur ya shigo ne, manyan motoci ba sa yankewa a kan gada, kowa zancen kwangila yake.

Wata safiya da rani sai kifi ya taso saman ruwa, ciki a sama, fari fat. Mutane suka yi ta kwasa da kwanduna, ana cewa rabo ne. Malam ya ce shi bai yarda da kifin nan ba, ko ɗaya bai kawo gida ba.

Amma ruwan randarmu daga kogin aka ɗebo shi. Shi muka sha. Da shi na dama wa Hauwa'u koko, na ba ta da hannuna.

Bayan kwana biyu bakina ya soma ɗaci kamar na tsotsi ƙarfe. Sai amai, sai gudawa. Surukata ta ce shawara ce, ta jiƙa mana sassaƙe.

Rana ta huɗu fitsari ya ɗauke mini. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Hauwa'u kuwa ta daina kuka, sai dai ta bi ni da ido.

Da Malam ya kai mu ɗakin shan magani, malamin asibiti ya buɗe idona ya duba, ya ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfinmu. Ku wuce Kano yanzu."

A bayan a-kori-kura aka kwantar da mu.

Da isarmu aka raba mu, ni ɗakin mata, ita ɗakin yara. Aka ɗaura mini ƙarin ruwa. Kullum da safe a ɗebi jinina, nas ta duba kwalbar fitsari ta girgiza kai. Aka hana ni gishiri. Ga ƙishirwa, amma ruwan sha sai an auna a ɗan kofi.

Likitan Ba'indiye ne, nas ke fassara mini. Ya ce, "Ƙodarki ta sha guba. In fitsari ya dawo, kin tsira." Bai faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba.

Matar da ke gadon kusa da ni daga Dagumawa take, ciwonmu ɗaya. Ina kallo aka ja mata zane har kai.

Kullum Malam ya shigo sai in ce, "Yaya Hauwa'u?" Ya ce, "Da sauƙi."

Rana ta tara na tambaya, sai ya zauna a bakin gado ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Asabe, sai haƙuri. Mai abu ya karɓi abinsa. Yau kwana uku."

An yi mata sutura, an kai ta, ban gani ba.

Da fitsarin ya dawo, nas ta ɗaga kwalba tana cewa, "Barka, barka!" Ni kuwa na juya fuska bango.

Magani gwamnati ke bayarwa a lokacin, amma zirga-zirga da abincin jinya sai da suka cinye jirgin Malam da tarunsa.

Bayan an sallame ni muka ji tushen abin. Wasu sojoji ne Turawa da aka ɗauko daga wata ƙasa don wani aiki, sansaninsu na can sama da mu. Babbansu ya sa aka juye durom-durom na wani magani da ya lalace a cikin kogi. 'Yan sanda suka kama direban da ya kai kayan, wani Ɗanjuma, aka shigar da ƙara har da sunan Baturen nan, babban sojojin.

Aka kira ni shaida a kotun majistare a Kano. Ina dafe da Malam na shiga.

Baturen bai zo ba. Wani lauya ya miƙe ya karanta takarda da Turanci. Tafinta ya ce mana kotu ba ta da hurumi a kansa, akwai yarjejeniya tsakanin gwamnatoci, ƙasarsu ce kaɗai za ta iya yi masa shari'a.

Malam ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da ya kashe mini 'ya, a ƙasarsu yake?"

Ɗan sanda ya zaunar da shi. Alƙali bai ɗago kai ba.

Ɗanjuma aka ɗaure. Da za a fita da shi ya tsaya gabana yana hawaye, ya ce, "Baiwar Allah, wallahi ce mini aka yi tsohon baƙin mai ne." Na ce na yafe masa. Shi ma uban yara ne.

Baturen kuwa aka ce ya hau jirgi ya koma gida. Ko an yi masa shari'a a can, ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya mana.

Na fi shekara kafin in iya ɗaukar guga. Har yau ina shan maganin hawan jini, ina zuwa gwajin ƙoda. Malam bai sake jefa taru ba, muka koma Kausani ya kama noma. Duk sanda ya gan ni na yi tagumi sai ya ce, "Ba ke kika kashe ta ba, Asabe." Haka ya yi ta faɗa har ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗata. Na gode wa nas ɗin nan da ban san sunanta ba, ita ke juya ni tana goge mini jiki kamar 'yar'uwarta.

Don Allah, in kun ga kifi ya mutu haka kawai, ko ruwa ya sauya launi ko wari, kada ku ci, kada ku sha. Tafasawa ba ta kashe irin wannan gubar. Ku ɗebi ruwan a kwalba mai murfi, ku kai wa hukuma, ku rubuta ranar. In fitsari ya ragu ko ƙafa ta kumbura, asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Wanda ya karanta, ya sa Hauwa'u a addu'a. Da tana raye, da yanzu ita ma tana da jikoki.