Agogon Baba

Shekara arba'in Baba yana gyaran agogo a wani ɗan shago da bai fi tabarma biyu ba, gilashi maƙale a ido ɗaya. Nasa agogon irin na murɗawa ne, ko wanka zai yi sai ya ajiye shi inda zai riƙa ganinsa. Ni ce babbar 'yarsa, ni ke share shagon tun ina ƙarama. Amma ƙanena Auta ne ɗan gaban goshi, shi da sai ya yi wata uku bai leƙo ba.

Da Baba ya faɗi ya karye a ƙugu aka yi masa aiki, sai cikinsa ya kumbura tim, ba bayan gida, ba ko tusa. Likita ta duba hoto ta ce babu abin da ya toshe babban hanjin, kwanciya kawai ya yi ya daina aiki. Aka hana abinci, aka sa ruwa, aka zura roba ta hanci, shiru. Sai ta ce za a yi masa wata allura ta jijiya mai tayar da hanji, amma tana rage bugun zuciya. Za a jona masa na'urar lura da bugun, mutum ɗaya cikinmu zai tsaya da shi.

Ranar Auta ya iso yana zuba ƙamshi. Nas ta ce a cire agogon. Baba ya kwance, ya tsallake hannuna da na miƙa, ya ɗaura wa Auta.

"Naka ne, ko na tashi ko ban tashi ba."

Wallahi kishi ya kama ni. Kwana tara ina juya tsohon nan ina goge shi!

"Wa zai tsaya?" in ji nas.

"Yayarsa," in ji Baba. "Yaron nan ba zai iya gani ba."

Aka tura allurar a hankali. Bugun ya sauka, ya dawo. Can sai iska ta ɓalle, zanin gado ya ɓaci, ciki ya sace. Ni na gyara shi, Auta na waje yana karɓar barka.

Bayan kwana biyu Auta ya shigo yana girgiza agogon a hannu. "Yaya, abin nan ya lalace."

Bai ma san ana murɗa shi ba. Na karɓa, na murɗa sau goma sha biyu yadda Baba ke yi, na daidaita lokaci. Baba na kallo daga gado yana murmushi.

"Ka gani? Hannuna ta ɗauko."

Na tsaya da agogon a tafina, ina jira.

"To, mayar masa," ya ce.