Miyar da Mama Ke Tambaya

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba a kan abincin mutanen da ba nawa ba. Amma hutuna ya matso, Mama na kwance a Jos tana jirana, ni kuma ga ni a Doha da tukunya a gaba da ɓacin rai.

Wata Litinin ce, ana gab da Ista, shekarar da nake aji huɗu. Mama ta ɗaura mini ɗankwali ta ce yau ba ɗiban ruwa, ba 'yar gala-gala, zan bi ta wurin aiki. Wasu tsofaffin Yahudawa take dafa wa abinci, wani injiniyan ruwa da matarsa Madam Miriyam. Duk shekara idan Idin Ƙetarewa ya gabato, sai a share gidansu kaf, har aljihun riga sai an kakkaɓe, domin a kwanakin idin ba sa cin abin da ya kumbura, kuma ba sa barin ko ɓurɓushinsa a gida. Biskit, taliya, burodi, duk abin da ya rage sai Madam ta cika wa Mama kwali. Gidanmu babba ne, kuma babu ɗakin da bai ci daga kwalin nan ba. Gwaggo Rifkatu, yayar Babanmu, ita ke fara miƙa hannu.

Abin da na koya a ranar har yau yana kaina, kuma shi kaɗai zan iya rantsewa a kai. Gurasar idi fulawa ce da ruwa kawai, ba yisti, ba gishiri. Da ruwa ya taɓa gari sai hanzari: a murza ta fele-fele, a tsattsaga da cokali mai yatsu, a jefa a wuta mai zafi sosai. Madam na tsaye a kaina da Hausarta mai ɗingishi tana cewa, "Maza, Ladi, kwaɓi ba ya jiran kowa." Kaza kuwa a barbaɗe ta da gishiri, a bar ta jinin ya tsane, a wanke tas kafin ta ga tukunya. Ni aka ba daka dabino da tuffa da kashu da ɗan kirfa, har ya zama kamar laka, wai don tunawa da lakar da kakanninsu suka kwaɓa lokacin bauta a Masar. A gefe aka ajiye ɗanyen ganyen shuwaka, saboda ɗacin wancan zamani. Sai babbar doka, wadda Mama ta maimaita mini a kunne: tukunyar nama ba ta ganin madara, ludayinta ma haka.

Abu ɗaya ya rage, shi ne romon kaza mai curi a ciki. Curin daga dakakkiyar gurasar ake yinsa, da ƙwai da kitsen kaza, ƙanana kamar curin fura, suna yawo a saman romon, masu laushi. Madam ta ce wannan sai gobe za a koya mini.

Da yamma Mama ta taho gida da tukunyar romon Madam, don hannun tukunyar ya kwance, maƙerin layinmu zai ɗaure. Ta ajiye ta a bakin ƙofa ta shiga canza zane. Fitowar da za ta yi, sai ga Gwaggo ta ɗora tukunyar a murhu, ta ɗago ƙwaryar madara za ta juye. Mama ta yi tsalle ta fizge tukunyar.

"Au! Hannuna ne ƙazanta?" in ji Gwaggo. "Uwar Ladi, yaushe kika zama Baturiya ba mu sani ba?"

"Yaya, ba tawa ba ce, amana ce. Ga tawa can, ki ɗauka."

"Riƙe kayarki. Yau an nuna mini matsayina a gidan ubana."

Ta zauna a tsakar gida tana kuka har Baba ya dawo. Bai tambayi Mama komai ba. Ya ce aikin nan ya ƙare daga yau, ni kuma in ya ƙara jin na taka gidan sai ya karya mini ƙafa. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, yana yanke hukuncin nan Gwaggo na tsoma biskit ɗin Madam a shayi. Washegari Mama ta mayar da tukunyar, an ɗaure hannun, ta dawo ido jawur. Ba ta ƙara dafa romon ba. In na tambaye ta sai ta ce, "Bar shi, Ladi." Ba a daɗe ba su Madam suka koma ƙasarsu.

Yanzu ina dafa wa wasu nas-nas 'yan ƙasarmu abinci a masaukinsu da ke Al Wukair. Mama ta tsufa, sunayen jikokinta sun ɓace mata, tuwo ma sai an lallaɓa take buɗe baki. Amma duk kiran da na yi, tambayarta ɗaya: "Ladi, yaushe za a kawo miyar Madam?" Ita da ta iya, ta manta yadda ake yi. Ni da nake tunawa, ba a bar ni na koya ba.

Na je kasuwar Abu Hamour na sayo karas da albasa da ganyen seleri, na gasa gurasar da hannuna, na daka. Romon ya yi, ƙanshinsa kamar na ranar. Curin ne ya ƙi. Wani lokaci ya narke, wani lokaci ya yi tauri kamar dutse. Saratu, ɗaya daga cikin nas ɗin, ta leƙa tukunyar ta ce, "Anti Ladi, wannan romo ne ko kunu? Kalas, shi ke nan, ki kai wa tsohuwa farfesu, ba za ta gane ba." Na san za ta gane. Saratu ta nuna mini masu dafawa a waya, amma Turancinsu gudu yake yi, kuma garin gurasarsu na kwali ne, ban gan shi a kantunan da nake zuwa ba.

Gwaggo ta rasu tuntuni. An ce ba a riƙe mamaci a zuci, ina kuwa ƙoƙari. Amma kwana ɗaya tak nake nema a lokacin, ta hana ni shi a kan ƙwaryar madara.

Don Allah, duk wanda ya taɓa aiki a irin gidan nan, ko ya zauna da su, ya taimake ni. Ƙwai nawa ake sa wa gwangwanin gari ɗaya? Ana barin kwaɓin ya huta ne kafin a cura? A romo ake dafa curin ko a ruwa daban, a rufe ko a buɗe? Ku faɗa mini da Hausa, a hankali. Mama ta riƙe amanar tukunyar mutane, ina so ta sha romon tun tana iya gane wanda ya miƙo mata.